Yabon da kuka yi wa Bishma ya yi yawa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya jama'a?

Na saurari shirinku na ranar Asabar inda kuka kawo labarin Mahabarata na mutanen Indiya, kuma gaskiya mai gabatarwa ya yi ƙoƙari. Ni dama tun ina yaro mayen fim ɗin Indiya ne, shi ya sa ina jin an ambaci Kurukshetra, filin da aka gwabza yaƙin cikin labarin, na ajiye abin da nake yi. To amma yadda ya dinga kuranta Bishma, wai babu kamarsa wajen cika alƙawari, nan ne muka raba gari da shi.

Ba wai na raina mutumin ba ne. Ɗan sarki ne, ga sarauta na jiransa, amma don ubansa Shantanu ya samu ya auri Satyawati 'yar sarkin masunta, ya rantse ba zai hau gadon mulki ba kuma ba zai yi aure ba har ya mutu. Wannan kam sai a sara masa. Uban ya yi masa addu'ar ba zai mutu ba sai ranar da ya zaɓa, haka dai labarin nasu ya ce, mu kam mun san rai na Allah ne.

Abin da mai gabatarwa ya tsallake shi ne ranar caca. Yudishtira, babba a cikin 'yan'uwa biyar jikokin ƙanen Bishma, ya zuba komai ya faɗi, ƙasa, 'yan'uwa, kansa, har Draufadi, matar da su biyar ɗin suke aure, aka jawo ta da gashi zuwa tsakiyar fada ana neman tuɓe mata zani, dattijon nan yana zaune yana kallo. Ta yi tambaya mai sauƙi, wanda ya riga ya faɗi kansa a caca yana da ikon saka matarsa? Sai Bishma ya ce wai maganar na da sarƙaƙiya ba zai iya yanke hukunci ba. Haba Malam! Mutumin da duk fadar ba mai iya ja da shi, tsawa ɗaya zai daka kowa ya shiga taitayinsa, amma ya yi gum.

Da yaƙi ya zo kuma shi ne ya ja rundunar Duryodana, babban Kaurawa, 'yan'uwan da su Yudishtira ke yaƙa, kwana 10 cikin 18, alhali ya san su Arjuna ƙanen Yudishtira ne da gaskiya, da bakinsa ma ya gaya wa Yudishtira cewa mutum bawan dukiya ne, kuma abin hannun Kaurawa ya ɗaure shi. Wato dai cin gishirin gidan ne ya rufe masa baki, ni ban ga wani alƙawari a nan ba. Sannan a daren kwana na 9 su Yudishtira suka je tantinsa, shi da kansa ya ba su sirrin kayar da shi, ya ce ba ya ɗaga makami a kan wanda aka haifa mace, a sa Shikandi a gaba, wanda a labarin mace aka haife shi kafin ya koma namiji. Yo wannan biyayya ce ga Duryodana? Bai tsaya da mai gaskiya ba, bai kuma riƙe amanar wanda ya ba shi tuta ba.

Duk da haka faɗuwar tasa ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Arjuna fa yana yaro kan cinyarsa yake hawa da ƙura a jiki yana ce masa baba, shi kuma ya ce a'a ni kakanka ne. Arjunan nan ne ya laɓe bayan Shikandi ya dinga zuba masa kibau har da ya faɗo daga keken doki jikinsa bai taɓa ƙasa ba, kibau ne suka tokare shi. Kansa na reto, sarakuna suka kawo matasan kai masu laushi ya ƙi, sai da Arjuna ya kafa masa kibiya 3. A haka ya kwana 58 yana jiran rana ta juya arewa, yana koya wa Yudishtira yadda ake mulki da adalci, karatun da ya kasa yi wa fada ranar da ake jan Draufadi.

Don Allah idan za ku yi kashi na biyu ku kawo labarin ta ɓangaren Draufadi mu ji, kuma a ƙara wa shirin lokaci don rabin awa ta yi kaɗan.

Naku,
mai sauraronku daga Fagge, Kano