Ɗan Bamuda da ɗan Senegal a ƙasar waje: daga ina ratar ta samo asali?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon fili in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ta fara zama ruwan dare a wajen masu sharhi kan zaman baƙi a Turai da Amurka, wato a jera al'ummomin baƙar fata, a duba abin da kowace take samu a shekara, sannan a yanke hukunci cewa waɗannan masu himma ne, waɗancan kuwa ba su da zuciyar nema. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana tambayar mutane asalinsu, kuma a jerin da take wallafawa akwai 'yan Bamuda, akwai 'yan Senegal, saboda haka ba wuya wani ya ɗauko biyun ya gwama. Da gangan na zaɓe su, domin da wuya a sami al'ummomi biyu da suka bar gida cikin hali mabambanci kamar su, kuma wanda duk ya bi sawunsu tun daga ƙofar gida zai ga cewa an riga an shata ratar da ke tsakaninsu tun kafin ɗayansu ya ɗaura kaya.

Bamuda ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun Atilantika, nisansa da gaɓar Amurka kimanin kilomita 1,000, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 54 ba, mutanensa kuma wajen 64,000, adadin da unguwa guda a Kano za ta iya shanyewa. Har yau yana ƙarƙashin Birtaniya, don a ƙuri'ar raba gardama ta 1995 mafi yawan masu zaɓe sun ƙi amincewa da 'yancin kai. Arzikinsa ya dogara ne kan manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, sai kuma masu yawon buɗe ido, kuma idan aka raba abin da tsibirin ke samarwa a shekara bisa yawan jama'arsa, kason kowane mutum ya haura dala 100,000. Dalarsu daidai take da dalar Amurka, ɗaya da ɗaya. Senegal kuwa tana da mutane sama da miliyan 18 bisa ƙidayar 2023, kason kowane mutum bai kai dala 2,000 ba, kuma kuɗinta sefa ce, irin wadda aka karya darajarta da rabi a watan Janairun 1994, ranar da magidanta da yawa suka wayi gari albashinsu rabin kayan wajen da yake saye jiya kawai yake iya saye.

Sai dai ni a ganina babban abin da ya raba su shi ne takarda. A shekarar 2002 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba mutanen yankunanta na ƙetare cikakken matsayin 'yan ƙasa, saboda haka ɗan Bamuda yana iya sauka Landan yau, ya kama haya, ya nemi aiki, ya ga likita a asibitin gwamnati, ba wanda zai tambaye shi izinin zama. Daga 2007 kuma ɗaliban tsibirin suka koma biyan kuɗin jami'a a Ingila daidai da 'yan gida. Amurka ma ba ta neman biza a wurinsu idan ziyara za su je, har jami'an shige da ficenta a filin jirgin saman Bamuda suke tantance fasinja kafin ya tashi. A wannan shekara ta 2002 ɗin dai, Italiya, inda dubban 'yan Senegal suke zaune a garuruwa irin su Bergamo da Brescia da Milan, ta kafa dokar da ake kira Bossi-Fini, wadda ta ɗaure izinin zama da takardar ɗaukar aiki, ta yadda mutumin da ya shekara goma yana aiki a masana'anta, idan aka sallame shi bai sami wani aikin da wuri ba, zamansa na iya komawa haramtacce. Faransa, wadda ta ɗebi kakanninsu a rundunar sojan da ta kafa tun 1857 suka yi mata yaƙin duniya biyu, ta rufe ƙofar ɗaukar leburori daga waje a 1974, sannan ta ɗora musu biza a 1986. A yau kuɗin neman bizar Turai yuro 90 ne, wato kusan sefa 59,000, kuma ko an hana mutum ba a mayar masa da ko sisi.

Abin da wannan ke haifarwa a rayuwar yau da kullum a fili yake. Duk wanda ya taɓa ganin masu kasa kaya a titunan Barcelona ya san hoton: farin ƙyalle shimfiɗe a ƙasa, an jera jakunkuna da tabarau da rigunan ƙwallo a kai, an ɗaura igiya a kusurwoyinsa huɗu, bakin igiyar kuma yana riƙe a hannun mai kayan ko da yana ciniki, domin da zarar an hango ɗan sanda sai a fizge ta, ƙyallen ya dunƙule ya zama ƙunshi, a saɓa a kafaɗa a bar wurin. Da yawa daga cikinsu masunta ne, ko teloli, ko ɗaliban jami'a a gida. Dokar Sifaniya ta daɗe tana neman baƙon da ba shi da takarda ya nuna shaidar zaman shekara uku kafin ya nemi izini, sai a 2025 aka rage zuwa biyu, kuma a tsawon wannan jira ba shi da halin yin aikin albashi a bisa doka. To me zai ci? Waɗannan masu kasa kaya ne suka kafa ƙungiyarsu a Barcelona a 2015, daga baya suka fito da tambarin tufafinsu mai suna Top Manta, abin da ya isa ya nuna cewa ba basira ko himma ce ta yi musu ƙaranci ba.

Akwai kuma maganar harshe da shaidar karatu, wadda masu lissafi ba su cika kula da ita ba. Ɗan Bamuda da Ingilishi ya tashi, kuma da yake babbar makarantar tsibirin mafi yawan karatunta na shekara biyu ne, al'adarsu ce matashi ya fita Kanada ko Amurka ko Ingila ya yi digiri, saboda haka da yawansu da takardar shaidar ƙasar da suke zaune suke shiga neman aiki. Ɗan Senegal da ya sauka New York yana iya jin Wolof da Fulatanci da Faransanci da Larabci, ya haddace Alƙur'ani a makarantar allo, amma a fom ɗin hukuma a rubuta shi cikin waɗanda ba su yi makaranta ba. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan ciwo. Ba kuma ina nufin dukkan 'yan Senegal na waje talla suke yi ba: akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, irin su Farfesa Souleymane Bachir Diagne da ya yi suna a jami'ar Columbia, kuma tun 1914 Blaise Diagne ya shiga majalisar dokokin Faransa. Amma waɗanda suka fi yawa ta ƙofar wahala suka shiga.

Abu na biyu da ya kamata mai gwamawa ya tambaya shi ne, ina kuɗin yake tafiya bayan an same shi? Kuɗin da 'yan Senegal na waje ke aikawa gida ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na dukkan abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Matar da ke kitso a wani shago a titi na 116 da ke Harlem a birnin New York, wurin da ake kira Ƙaramar Senegal, tana iya wuni a tsaye tun safe har dare a kan kawuna biyu ko uku, amma abin da ta samu ba nata ba ne ita kaɗai, don akwai buhun shinkafar da za a saya wa iyali a garin Luga na Senegal, akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai maganin tsohuwa, akwai ragon layya, wanda su suke kira Tabaski. Maza kuma sukan haɗu su biyar ko shida a gida ɗaya, su yi tukunya ɗaya, domin abin da aka yi tsiminsa ya tsallaka teku. Idan mai ƙidaya ya zo ya ga ba su da gidan kansu a Amurka, ba su da ajiya a banki, sai ya rubuta talauci, alhali benen yana can an gina shi a Tuba, birnin 'yan ɗariƙar Muridiyya, ko a bayan garin Dakar. A kwarin kogin Senegal, ƙauyukan Soninke da Tukulor da suka fara tura samari masana'antun mota da aikin shara a Faransa tun shekarun 1960 sun gina masallatai da rijiyoyi da ɗakunan shan magani da kuɗin karo-karo na waɗannan leburori. Ɗan Bamuda a waje ba ya ɗauke da irin wannan kaya. In ma ɗalibi ne, daga gida kuɗin ke zuwa masa.

A nan ne ya kamata a yi adalci ga ɗaya ɓangaren, domin ba kowane ɗan Bamuda ne ya bar gida don jin daɗi ba. Fiye da rabin mutanen tsibirin baƙar fata ne, da yawansu jikokin bayin da aka 'yanta a 1834, kuma wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a ba ta fara rushewa ba sai bayan ƙauracewa gidajen sinima da aka yi a 1959, cikakken 'yancin zaɓe na kowa daidai da kowa kuma sai 1968. Dukiyar inshora ba ta rabu daidai ba, sannan kusan duk abin da ake ci a tsibirin daga waje ake shigo da shi, hayar gida da inshorar lafiya kuma suna cikin mafi tsada a duniya. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 iyalai da dama sun tattara sun koma Ingila saboda sun kasa biyan haya a ƙasarsu ta haihuwa, wasu kuma don su raba 'ya'yansu da rikicin ƙungiyoyin daba. Mutumin da tsadar rayuwa ta kora daga tsibirin da ake kira na attajirai shi ma ɗan ci-rani ne, illa dai shi ya sami inda zai faɗa ba tare da ya sa ransa a kwale-kwale ba.

Kuma akwai abin da 'yan Senegal suka mallaka wanda alƙaluma ba sa kamawa, wato tsarin da ɗariƙa ta ba su. Mabiyan Muridiyya ta Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya rasu a 1927, duk inda suka sauka sai sun kafa da'ira: ana haɗuwa a mako, a karanta ƙasidun Shehu, a sha kofin Tuba mai yajin kimba, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Sabon zuwa yana samun wurin kwana da kayan da zai fara talla bashi, marar lafiya ana ɗauke masa nauyi, wanda ya rasu kuma ana haɗa kuɗin kai gawarsa gida. Asibitin Matlabul Fawzaini da ke Tuba da gudummawar irin wannan da'ira ta 'yan ƙasar waje aka gina shi. A New York ranar 28 ga Yulin kowace shekara ranar Shehu Ahmadu Bamba ce, suna zagaye titunan Harlem da fararen kaya. A siyasa ma sun ƙwaci matsayi, domin tun zaɓen 2017 mazauna waje ke zaɓen 'yan majalisa 15 daga cikin 165. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma su sun riƙe wannan da gaske. Sai dai bai kamata yabon wannan tsari ya rufe mana ido ba, domin ya taso ne a inda hukuma ta gaza, ta gida da ta masauki, kuma nauyinsa a wuyan talaka yake.

Farashin rashin takarda kuwa da rai ake biyansa. A 2006 mutane sama da 30,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya a kwale-kwalen kamun kifi, da yawansu daga gaɓar Senegal, lokacin da samari ke cewa ko Barcelona ko barzahu, kuma a 2023 da 2024 adadin ya zarce na wancan lokaci. Garuruwan masunta irin su Mbour da Kayar da Saint-Louis ne suka fi rasa 'ya'yansu, domin kifin da iyayensu suka rayu a kansa ya ja baya, masunta kuma suna ɗora laifin a kan manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje. Wasu ta hamada suka bi, suka ratsa Agadas zuwa Libiya, mutanen Nijar sun gan su da idonsu a tasha. A 2023 kuma aka ga wata sabuwar hanya, inda ake sayar da fili ko mota a sayi tikitin jirgi zuwa Nikaragwa, daga nan a bi ƙasa har iyakar Amurka. Wanda ya iso ta wannan hanya da bashi ya fara, yana jiran shari'ar neman mafaka da kan ɗauki shekaru, kuma shi ne za a sa a ma'auni ɗaya da wanda ya taso daga Hamilton, babban birnin Bamuda, a jirgin sa'a biyu da fasfo a aljihu.

Roƙona ga wannan jarida shi ne, duk lokacin da za a buga irin wannan kwatance, a haɗa da bayanin matsayin kowace al'umma a gaban dokar ƙasar da take zaune, da shekarar da mafi yawansu suka iso, da yawan bakunan da kowane mai aiki yake ciyarwa a gida. Haka kuma, tunda jama'armu suna zuwa Kaulaha Maulidi kowace shekara a zawiyar Shehu Ibrahim Inyass, ina ba da shawarar ku haɗa wakilinku da ayarin bana, ya ƙarasa Tuba, wadda tafiyar 'yan sa'o'i ce daga can, ya zauna da masu riƙe da asusun da'irori, ya kawo mana rahoto a kan yadda suke karɓar kuɗi daga Milan da Harlem, da wanda ke riƙe littafin, da yadda ake binciken abin da aka kashe.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano