Neman shawara kan tsohuwar rediyon da ta fara kasa riƙe tasha

Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka game da wata babbar rediyo mai sitiriyo, ƙirar Japan ta ƙarshen shekarun 1970, wadda na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Tana kama FM da matsakaicin zango, kuma idan na jona mata na'urar kaset, murya tana fita tangaran a lasifika biyun, abin da ya sa nake ganin ɓangaren ƙara sauti lafiyarsa ƙalau, ciwon yana wajen kama tasha.

A Wudil nake zaune, kuma ƙaramar rediyon maƙwabcina tana kama Freedom a kan 99.5 ba tare da wata wahala ba. Tawa kuwa, idan na kunna ta da sanyin safiya takan kama sarai, amma da zarar cikinta ya ɗumama sai tashar ta riƙa zamewa, in murɗa in dawo da ita, jim kaɗan ta sake gocewa. Jar fitilar sitiriyo tana kamawa tana ɗaukewa, allurar da ke nuna ƙarfin tasha ba ta kaiwa rabi, sannan shuuu ɗin da ke bin murya yana raguwa ƙwarai idan na mayar da ita mono. Akwai kuma ƙarar ƙarce-ƙarce duk lokacin da na kai allurar neman tasha can sama, wajen 104 zuwa 108. Da na buɗe murfinta na tarar ƙurar hunturu ta cika tsakanin siraran faifan ƙarfen nan da ke shiga juna idan ana neman tasha, amma ban taɓa su ba, domin an ce idan suka lanƙwashe gyaransu yana da wuya.

Matsakaicin zango kuwa na gano bakin zarensa: gurnanin da ke rufe Rediyon Najeriya Kaduna yana yankewa da zarar na kashe inbata da cajar waya, don haka wannan daga gida ne.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar masu gyara. Wani ya ce zai murɗa ƙananan sukurorin da ke cikin gwangwanayen ƙarfe na ɓangaren FM da ke cikin rediyon har sai murya ta fito, alhali na san ana saita su ne a kan 10.7 megahaz da na'urar gwaji, wadda shi ba shi da ita, kunne kawai zai bi. Wani kuma ya ce in bari ya cire ɓangaren tasha gaba ɗaya ya sa sabon allo mai Bluetooth. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin kayan da aka ƙera da irin wannan inganci sun cancanci a nemo ainihin cutarsu a magance ta.

Don Allah, Malam, ta ina ya kamata a fara? A bayanta akwai wurin ɗaura eriya biyu, ɗaya an rubuta 300, ɗaya 75, ni kuma guntuwar waya kawai na maƙala, shin rashin eriyar kirki a kan rufi zai iya jawo rawar fitilar sitiriyo, ko kuwa kafasitoci, wato ƙananan kayan cikinta masu ajiye wuta, ne suka bushe saboda tsufa da zafi suke sa tasha zamewa? Da me ake wanke faifan nan ba tare da an lalata su ba? Kuma wace tambaya zan yi wa mai gyara in gane cewa ya san aikin tsofaffin rediyo kafin in damƙa masa ita?

Allah Ya ƙara basira. Na gode.

Mai sauraronka a kullum,
daga Wudil, Jihar Kano