Wasiƙa zuwa ga 'yata da ta fara aiki a ɗakin hoto

Mai Wurno, jihar Sinnar, Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen gidansu. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Labarin fara aikinki a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, wato X-ray, na asibiti can Gadarif ya iso mu, mun yi murna ƙwarai. Allah ya sa kin fara a sa'a. Waya ba ta barin mutum ya yi doguwar magana, layin ma yau ya samu gobe ya ɗauke, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Karatun na'ura kin fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Abin da na sani shi ne mutanen da za a riƙa turo miki, don a cikinsu na ƙare aikina a ƙaramin asibitin ƙauye. Manoman riɗi da dawa ne, da masunta, da mata masu shiga daji neman itace, da yaran da ke bin awaki ba takalmi. Ba sa zuwa da wuri. Kafin mutum ya hau mota ya nufo ki, ya riga ya je wurin maɗori, an yi masa tsaga, an shafa, an sha saiwa, kuɗin aljihunsa saura kaɗan. Hoton da za ki ɗauka masa wataƙila shi kaɗai zai iya biya a bana. Saboda haka kada ki bari ya fita da hoton ganin dama. Idan karaya ake nema, ki ɗauka ta fuska biyu, gaba da gefe, ko da layi ya yi tsawo a waje, domin ƙashin da ya goce yakan ɓoye a fuska ɗaya ya bayyana a ɗayar. Ki tabbata gaɓar sama da ta ƙasa sun shiga. Ki sa a cire awarwaro da zobe da laya mai ƙarfe. Tun hoton farko da Bajamushen nan Röntgen, wanda ya gano hasken X-ray, ya ɗauki hannun matarsa a 1895 zobenta ya fito a kan ƙashin yatsa, har yau kuma ƙarfe bai daina rufe abin da ake son gani ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, hoton ƙashi ya fito tsaf ba ya nufin mutum lafiyarsa ƙalau. Ƙashi ne ke tare hasken, shi ya sa yake fitowa fari. Tsoka da jijiya da guringuntsi duk toka-toka suke fitowa, ba a rarrabe su sosai. Ƙashin kansa ma sai cuta ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ko fiye, kafin hoto ya nuna ɓarnar. Mutanenmu ba su san haka ba. Da sun ji an ce "hoto bai nuna komai ba", sai su naɗe takardar su sa a aljihu su koma gona.

Kin san ciwon ƙafar nan da Larabawan nan ke kira nabit, likitoci kuma su ce madura. Ƙasar nan tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, musamman Jazira da Sinnar da Farin Nilu. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa take, sai ƙayar aduwa ko farar ƙaya ta soki mutum ta shigar da ita. Farkonsa ɗan kumburi ne mai tauri a bayan ƙafa ko tsakanin yatsu, ba zafi, ba zazzaɓi, shi ya sa ba wanda ke kula shi. Akwai wani saurayi a ƙauyen da na yi aiki, manomi mai ƙwazo, wanda ya kai irin wannan kumburi wani asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce masa ƙashi lafiya, ya dawo yana murna. Shekaru suka shuɗe. Ranar da aka kawo min shi a kan jaki, da na kwance tsumman da ya naɗe ƙafar, ta kumbura har yatsun ba sa taɓa ƙasa, duk ta yi ƙananan ƙofofi, kowace na tsiyayar ruwa. Na ɗan danna gefen ɗaya da auduga, sai ga baƙaƙen ƙwayoyi sun fito kamar habbatussauda. Hoton da aka sake ɗauka a lokacin ya nuna ƙasusuwan ƙafar duk ramuka. A ƙasan gwiwa aka yanke ta. Bai kai shekara talatin ba, ga mata ga 'ya'ya ƙanana. Har yau idan na tuna shi sai raina ya ɓaci, domin wanda ya ɗauki hoton farko bai yi ƙarya ba, ƙashin lafiyarsa lau a ranar. Ba a dai gaya masa cewa akwai wata na'urar da za ta duba naman ba.

Na'urar kuwa ita ce ta sikanin, wadda mata suka sani wajen awon ciki. Ita da sauti take aiki, ba ta da hasken da ke cutarwa, kuɗinta da sauƙi, ana iya ɗaukarta a jaka a kai ƙauye, wasu ma da batiri suke yi, abin da ba ƙaramin rufin asiri ba ne a wannan zamani na rashin wuta. Idan aka ɗora ta a kan irin kumburin nan, ana ganin ƙwayoyin suna ƙyalli a cikin 'yan aljifai masu kaurin bango, tun cutar ba ta kai ga ƙashi ba. Gwani ma yakan iya hasashen ko ƙwayar cutar ta naman gwari ce, wato fungus, ko ta bakteriya, bambancin kuma babba ne: ta bakteriya tana jin maganin sha da allura, ta naman gwari mai baƙar ƙwaya, wadda ta fi yawa a nan, sai an sha magani wata da watanni sannan a yi aiki. MRI, hoton da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, ya fi kowa nuna iyakar inda cutar ta kai, har da alamar nan ta ɗigo a cikin da'ira da kuka karanta, amma manomi nawa ne zai iya biyansa? Shi ya sa nake roƙonki, idan aka ba ki damar koyon sikanin na tsoka da gaɓoɓi, ki riƙe shi hannu bibbiyu.

Da yawa daga cikin abin da aka sani a kan hoton wannan ciwo a ƙasar nan aka haɗa shi, a cibiyar da Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya kafa a 1991 a asibitin Soba ƙarƙashin Jami'ar Khartum. Da ƙoƙarinsu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Da can idan na ga mai kumburi sai in rubuta masa takarda in ce ya nufi Soba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da wannan hanya, nauyin ya dawo kan ire-irenku da ke asibitocin jihohi.

Ba madura kaɗai ke ɓoye wa hoton ƙashi ba. Yaron da ya zo da zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa, da an taɓa ƙaurinsa ya yi ihu, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin, amma hoto ba zai nuna ba sai bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. Ki ƙara sa ido idan mai sikila ne, kin kuwa san tana da yawa a danginmu. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, yana jin zafi a gindin babban yatsa, akwai ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannun da karayarsa kan ƙi fitowa a ranar farko, sai an sake bayan mako biyu. Ita ma ƙaya da ta karye a cikin nama, ice ce, hoton ƙashi ba ya ganinta, sikanin ke kama ta. A ɗaya gefen kuma, ƙashin yaro yana da layin girma kusa da gaɓa wanda wanda bai saba ba zai ɗauka tsagewa ce.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A ɗakinki ban yarda da wannan ba, sai an haɗa su biyun. Tsohuwar da aka turo miki da takarda an rubuta "gwiwa" kawai, wataƙila Larabcinta bai wuce na cefane ba, likita bai fahimce ta ba, ita ma ba ta fahimce shi ba. Ke ce za ki ce mata, "Iya, nuna min inda ke ciwo da yatsa ɗaya. Yaushe ya fara? Ƙaya ta taɓa sukar ki a nan?" Kada ki ji kunyar yin Hausa a wurin aiki, ko da wa ke tsaye. Abin da ta gaya miki ki rubuta, ki kai wa likita cikin ladabi. Ba aikinki ba ne ki faɗa wa majiyyaci sunan cutarsa, kada ki kuskura ki shiga hurumin da ba naki ba. Amma ba wanda zai hana ki cewa, "Baba, wannan hoton ƙashi kawai yake gani. Kada ka tafi gida sai ka koma wurin likita ka tambaye shi maganar kumburin."

Maɗora kuma kada ki zage su a gaban majiyyaci. Wasunsu sun san hannunsu, kuma su ne a kusa lokacin da asibiti ke nesa. Abin da za ki riƙa gargaɗi a kai shi ne ɗauri mai tsanani. Na ga hannun yaro da aka ɗaure da kara aka tamke, yatsun suka yi sanyi suka yi baƙi, karayar da filasta za ta warkar ta zama sanadin rasa hannu. Idan kika ga yatsu sun kumbura, yaro ba ya iya motsa su, ki bar maganar layi ki kira likita nan take.

Idan wata rana aka kai ki ɗakin MRI, ki tuna maganaɗisunsa ba ya mutuwa ko da ba a ɗaukar kowa. A shekarun nan mutane da yawa na yawo da ɓarɓashin ƙarfen bam ko harsashi a jikinsu, wasu ba su ma sani ba. Ki tambaya, ki sake tambaya, in kina shakka a fara da hoton ƙashi. CT kuwa, wato hoton X-ray mai nuna jiki yanki-yanki, yana da amfani a karayar ƙugu da ƙashin baya, sai dai haskensa ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa, ba abin yi wa yaro ba ne don kawai ubansa na da kuɗi ya nema.

Mata za su fi sakin jiki da ke. Ki rufe ƙofa, ki yafa musu zane, ki buɗe wurin da ake buƙata kawai. Kowace mai shekarun haihuwa ki tambaye ta batun ciki a keɓe, ba a gaban suruka ko ƙanin miji ba, don ba za ta faɗi gaskiya a gabansu ba. Saura magana ɗaya, ita ma innarki ce ta matsa in saka. Ki tsaya bayan kariya duk lokacin da za ki danna, kada ki riƙe yaro da hannunki, ki ba uwarsa rigar dalma ta riƙe shi. Abin auna hasken nan da ake maƙalawa a riga kada ya kwana a jaka. In kuma Allah ya kawo rabo, ki sanar da shugabar sashenku da wuri, kunya ba ta da wuri a nan.

Ɗan goggonki na wajen kogi yana da ɗan kumburi a gefen diddige tun kafin damina, yana ta cewa ba ya masa zafi. Na hana a yi masa tsaga. Da an gama yankan riɗi kawunki zai taho da shi. Ki bincika mana ranar da mai sikanin ke zama da abin da ake biya, ki aiko mana da saƙo don su zo da shiri. Ki gaishe da maigidan naki da kyau, da surukarki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki.

Wassalam,
Babanki