Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Mawaƙa da Makaɗa, Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, malamanmu da sauran 'yan'uwa.

Babban aikin da kwamiti ya sa a gaba bana shi ne horar da mawaƙi ya tsaya shi kaɗai a dandamali, ya riƙe jama'a da waƙarsa daga farko har ƙarshe. Yawancinmu a filin biki muka tashi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba: ga 'yan amshi a baya, ga kalangu, ga masu liƙi. A can idan murya ta gaza, amshi zai rufa asiri. Amma ranar da aka zaunar da mutane a kujeru suka yi tsit, sai ka ga gwanin biki ya rasa inda zai sa hannunsa. Alhali tsayuwar mutum ɗaya gadonmu ce. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa kaɗai yake cika fili.

Muna zama kowace Asabar bayan la'asar, mu tashi kafin magariba, saboda alkawarin da muka yi wa iyayen 'yan mata. Da azumi mun dakata.

Darasin da ya fi cin lokaci, kuma a ganina ya fi amfani, shi ne na ajiye kiɗa. Ɗalibi zai faɗi baitocinsa da baki kamar zance, yana kallon mutum ɗaya. Sai malami ya tambaye shi: da wa kake magana? Me kake so ya yi in ya ji? Wata ƙanwarmu ta zo da waƙar da ta yi wa mahaifiyarta, tana rera ta da sauri da murmushi kamar ta kamun amarya. Aka sa ta zauna gaban ɗaya daga iyayenmu mata, ta faɗa mata kalmomin a hankali. Kafin ta kai ɗango na uku muryarta ta fara rawa, ta yi shiru, sannan ta ci gaba. Wannan shirun malami ya ce ta riƙe, kuma da shi ta rera waƙar daga baya. Tun ranar yara suka gane cewa inda ake jan numfashi ma'ana ke yanke shi, ba ƙarewar iska ba.

Mun kuma yi fama da furuci. Yaranmu sun tashi da Hausa da Twi a baki ɗaya, abin alfahari ne, sai dai wani lokaci karin waƙa yakan gajarta dogon wasali ko ya juya sautin kalma har ma'ana ta kauce. Don gyara wannan muka roƙi wani malaminmu ya riƙa karanta mana rubutattun waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, domin kunne ya saba da ma'auni.

Bayan babbar Sallah muka koma kan tsara wasa. Kowa ya jera waƙoƙin da za su kai minti 30: a buɗe da wadda ta zauna a baki, a ajiye mai nauyi zuwa tsakiya, kada a jera biyu masu kari ɗaya. Maganar tsakanin waƙoƙi ma an rubuta ta an gwada, har da gabatarwa da Twi saboda maƙwabtanmu Asante. An koyi riƙon makirfo: a matso da shi wurin sassauta murya, a ja baya wurin ɗagawa. Masu gurmi da kukuma sun koyi rage hannu idan baiti na son fili.

A wasan rufe shekara da muka yi a zauren wata makaranta a Aboabo, mun hana liƙi sai bayan kammalawa. Wasu ba su ji daɗi ba, amma an saurari kowane baiti, kuma kwamiti na ba da shawarar a ci gaba da hakan.

Kuɗi kuwa, hayar lasifika da janareta ta cinye mafi yawan abin da ya shigo, kuma kuɗin wata na makara ƙwarai. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro. Masu bashi su taimaka su biya, ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya.

Muna sake tunatar da masu waƙar kansu su yi rajista da GHAMRO, hukumar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2005. Sakatare zai taimaka wurin cike takardu.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu nemi fili a Cibiyar Al'adu ta Kumasi da ke Bantama, kuma muna buƙatar dattijuwar zabiya da za ta riƙe ajin mata. Wanda ya san wadda za ta yarda ya sanar da kwamiti kafin taro.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti