Wasiƙa zuwa ga ƙawata: zomo da kafet ɗin falo

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso, kuma wallahi sai da na yi dariya har da ƙwalla da na zo wurin da kika ce maigida ya ba ku wa'adin sati biyu, ko zomon ya daina fitsari a kafet ko ya bar gidan. Ki yafe ni, kaina na tuna. Shekara uku da suka wuce ni ma kullum a durƙushe nake da tsumma a hannu, ina da-na-sanin ranar da na bar yara suka shigo da zomo.

Kuskuren da kike yi yanzu shi na fara yi. Na samo roba mai faɗi a matsayin fo, na ajiye ta bayan ƙofa inda baƙo ba zai gani ba, na zauna jiran zomo ya gane. Shi kuwa tun ranar farko ya riga ya zaɓi wurinsa, lungun da ke tsakanin kujera da bango, a kan dardumar da na fi so. In ɗauke shi in kai fo, ya dire ya koma lungu. In wanke lungun, ya sake jiƙa shi. Sati uku muna wannan ja-in-ja. Ashe dai zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Ranar da na haƙura na naɗe dardumar, na kai fo ɗin lungun da ya zaɓa, daga ranar na fara samun barci. Halinsu ne su riƙe wuri ɗaya, galibi kusurwa. Ke dai ki sa ido kwana biyu ki ga inda naki ya fi zuwa, ki kai masa fo can, ko da wurin bai yi miki ba. In ya saba, kya riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan.

Sai maganar ciyawa. Zomo yana ci yana kashi ne a lokaci guda. Don haka ki tara busasshiyar ciyawarsa a gefe ɗaya na cikin fo ɗin, ko ki rataye ta daidai samansa yadda ba zai kai gare ta ba sai ya shiga. Fo ɗin ya zama mai girman da zai iya juyawa a ciki, bakinsa kuma da ɗan tsayi, don in zai yi fitsari da baya yake matsawa har ya jingina da kusurwa, ya ɗaga ɗan bindinsa. Nawa na farko gajere ne, sai ka ga zomo a cikin fo, fitsari a kan kafet.

Na ga kin ce kin sake shi yana yawo ko'ina tun ranar da ya zo. Wannan ne ya ɓata miki lissafi. Kafet yana shanye fitsari ya riƙe wari, shi kuma duk inda ya ji warinsa nan ne banɗaki a wurinsa. Ki killace masa ɗan wuri tukuna, wanda zai isa ya yi tsalle uku ko huɗu ya miƙe. Ki shimfiɗa leda mai kauri a kan kafet ɗin wurin, ki ɗora tsohon zanin gado a kai, saboda tafin ƙafarsa gashi ne zalla, babu tsokar nan irin ta kyanwa, santsi yana wahalar da shi. In ya yi fitsari a waje ki goge da takarda ki jefa takardar cikin fo, ki tsince kashin ma ki zuba can. Sai ya yi kamar sati bai kuskure ba sannan ki ƙara masa fili. In ya ɓata, ki mayar da shi inda ya fito. Ni falo sai da ya yi wata biyu kafin ya taka shi ba tare da ina tsaye a kansa ba, har yau kuma ba ya shiga ɗakin kwana, don gado da bargo sun fi kafet jan hankalinsu.

Kada ki sa rai za ki daina ganin kashi kwata-kwata. Zomo ɗaya yana iya yin ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, wasu kuma da gangan yake watsa su don ya shata iyakar gidansa. Busassu ne, ba su da wani wari, tsintsiya ta wadatar. Fitsarin ne abin yaƙi. Jikinsu yana fitar da rarar sinadarin kalsiyam ta fitsari, shi ya sa ba ya fitowa garau, in ya bushe ya bar fari kamar an goga alli. Ki fara danna tsumma a kai ya tsotse, ban da gogewa, gogewa tura shi take yi cikin zare. Sannan ki zuba farin ruwan khal da aka sirka da ruwa daidai-wa-daida, ki bar shi 'yan mintoci, ki sake tsotsewa. A cikin fo za ki ga har ɗan kumfa yake yi yana narkar da farin. Amma ki gwada a gefen darduma da ba a gani tukuna, don ni akwai wadda ta koɗe mini. Ki guji abin wanki mai amoniya, warinsa na kama da na fitsari, kiransa za ki yi ya dawo. In kin ga fitsarin ya yi ja-ja ko ruwan lemo wata rana kada gabanki ya faɗi, sau da yawa launin ganyen da ya ci ne; in ya ɗore ko yana yunƙuri da ƙyar, to sai likita.

Ba ki gaya mini watanninsa ba. In ya kai wata 4 zuwa 6, to balaga ce ta zo, kuma a lokacin ko wanda ya saba da fo sai ya birkice, namiji har fesa fitsari yake yi a bango. Nawa ya taɓa fesa wa labule, tsayin gwiwata. Ba abin da ya gyara wannan sai da likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya, kuma ko bayan aikin sai da aka ɗauki wajen sati shida kafin ya natsu. In mace ce cire mahaifa ake yi, yana kuma kare ta daga sankarar mahaifa da ke yawan kama zomanya in ta manyanta. Ki nemi likitan da ya saba da zomaye.

Abin da za ki zuba a ƙasan fo, ki yi hankali da shi. Kada ki yi amfani da ƙasar da ake zubawa a fon kyanwa mai dunƙulewa in ta jiƙe, don zomo sai ya ɗanɗana komai, a cikinsa za ta dunƙule. Haka ma ɓarɓashin katako mai ƙamshi irin na itatuwan da ake kira fayin da sida, ba shi da kyau ga hantarsu da numfashinsu. Wanda aka yi da takarda ya fi lafiya. Zaren kafet ma haɗari ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro, saboda zomo ba ya iya amai, abin da ya haɗiya sai dai ya bi ta ƙasa ko ya toshe. In ya fara tonon kusurwa yana cizge zare, ki ɗora tayil mai nauyi a wurin, ki ba shi kwali cike da yagaggun takardu ya huce a kai. Ranar da kika ga ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, kada ki jira gari ya waye.

Ki ja wa yara kunne kuma, ban da duka, ban da tsawa, ban da dangwara masa hanci a fitsari. Ba ya haɗa laifin da hukuncin, tsoronku kawai zai koya. In kun ga ya ja da baya ya ɗaga bindi, ku kora shi a hankali zuwa fo, in ya yi a ciki a ba shi ɗan ganye. Sun fi kai-komo da asuba da kuma gab da magariba, a lokutan nan za ku fi sa ido.

Ki roƙar mini maigida ya mayar da wa'adin wata biyu, ki ce ni na tsaya wa zomon. Ki turo mini hoton lungun da ya zaɓa in gani, da na shi kansa mai laifin. A shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Ƙawarki