A bar kifin Galma ya girma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan kifi, duk da cewa ni ba masunci ba ne, mai ci ne kawai.

Makon jiya na je bakin kogin Galma sayen kifi. Abin da na tarar a daro ya tsaya mini a rai: 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa, wasu ba su kai tsawon yatsa ba, ana auna su da kwano kamar gero. Na ce wa dattijon da ke sayarwa, "Baba, ai waɗannan ba su isa kamu ba." Ya ce, "Ɗana, in na bari, na bayana ba zai bari ba." Sai ya nuna mini wasu samari suna jan gidan sauro a cikin ruwa, irin wanda ake rabawa saboda zazzaɓi. Gidan sauro kuwa ba ya barin komai, har ƙwai yake kwashewa. Ban ma zo kan masu zuba maganin ƙwari a ruwa ba, ruwan da shanu ke sha, masu lambu ke ban ruwa da shi.

Wani zai ce ai ga kifin ƙanƙara nan a kasuwar Sabon Gari, ga taitus ga shawa. To, wannan daga teku ake kawo shi, galibi daga ƙasashen waje, da dala. Kifin teku ma yana ƙarewa. A 1992 sai da Kanada ta hana kamun kifin da ake kira kod a gaɓarta ta gabas, bayan manyan jirage sun share shi. Dubban mutane suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗe kamun, shi ma kaɗan-kaɗan. Gana kuwa ta ɗauki darasi, ta shigo da tsarin rufe tekunta na wani lokaci a shekara domin kifi ya hayayyafa.

Mu ba sai mun yi aro ba. A Argungu, ba a shiga kogin Matan Fada da koma sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda ƙato ke ɗauka da kyar. Wannan aikin Sarkin Ruwa ne tun kaka da kakanni.

Roƙona ga masarautar Zazzau da gwamnatin jihar Kaduna shi ne su zauna da shugabannin masunta, a sa wa Galma da Kubanni hutu a farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke bin sabon ruwa tana zuba ƙwai. Amma a tuna mai iyali ba zai zauna da yunwa wata biyu ba. A ba shi raga mai manyan idanu da ɗan tallafi kafin a karɓe gidan sauron.

Mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Zariya.