Wasiƙa kan filin tsohuwar firamaren unguwarmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya sanyin Ingila? Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Abin da ka ji gaskiya ne: tun da aka kwashe yara aka mayar da su makarantar gaba saboda azuzuwa sun lalace ake ta zawarcin filin, yanzu kuma maganar ita ce a yanka shi a yi gidaje. Jama'a sun ce ba su yarda ba, ni ma ina tare da su. Sai dai faɗin haka kaɗai ba ya tsayar da gini. Tunda ka ce za ka taimaka da kuɗin lauya, ina so ka san inda ƙarfin maganarmu yake kafin ka turo ko kwabo.

Masu neman muhalli ba abokan gabarmu ba ne. Kano ta cika, haya ta yi tsada, saurayi sai ya daɗe yana neman ɗaki biyu kafin a sa masa rana. Duk wanda ya shiga ofis yana cewa ba ma son baƙi, tun daga bakin ƙofa ya kayar da kansa. Mu da lissafi za mu je.

Filin ya kai hekta 2, wato murabba'in mita 20,000. A cire kashi ɗaya cikin huɗu na hanyoyi da lambatu, saura 15,000. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana cin kusan murabba'in mita 465, ka ga fuloti 32 ke nan. Amma dillalai ba sa tsayawa nan, raba kowanne biyu suke yi ya koma 50 da 50, gida 64, wasu ma su ɗora bene. Ka sa mutum 10 a kowane gida, an ƙaro mana mutum 640 a wurin da yanzu ba ya shan ruwa ko kofi ɗaya. Idan kowa zai yi amfani da lita 50 a rana, sha da girki da wanka da wanki, ana bukatar lita 32,000, jarka 1,280 mai lita 25 kullum. Famfo ba ya zuwa, don haka duk mai hali zai haƙa burtsatse. Ƙarƙashin Kano kuwa dutse ne, ruwan yana maƙale a tsagoginsa da ruɓaɓɓen saman dutsen, kuma burtsatse masu yawa kusa da juna janye wa juna ruwa suke yi. Rijiyoyin tsofaffin gidaje, da yake ba su da zurfi, su ne ke fara ƙafewa a Maris da Afrilu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salga. Ma'aikatan lafiya suna so a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin 50 da 50 kuwa faɗinsa mita 15 ne kacal, kowane gida da sokawe ɗinsa, kowane gida da rijiyarsa. Ko ka nisanta naka, na maƙwabci yana jingine da katangarka. Daga nan amai da gudawa da taifot suke shigowa unguwa, kuma yara ne ke fara kwanciya.

Sai damina. Ruwan sama mai milimita 50, irin wanda ake yi a Agusta cikin dare ɗaya, idan ya sauka a hekta 2 lita miliyan 1 ne. Yanzu yashin filin yana shanye kaso mai tsoka. In an rufe shi da kwano da daɓen siminti, kusan duka zai gangaro cikin lambatun da aka haƙa don gidajen da, ya tumbatsa, ya ci gindin ginin ƙasa na gidajen da ke gangare. Haka taransifomar unguwa, wadda yanzu ma ake raba mata layi, da lunguna da in ba su kai mita 6 ba motar kashe gobara ba za ta iya juyawa ba.

Ta fuskar doka, kada ka ɗauka kamar can wurinku ne, inda dokar 1998 ta ce ba a sayar da filin wasan makarantar gwamnati sai da amincewar ministan ilimi. A nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da shaidar mallaka. Saboda haka farkon aiki shi ne a gano sunan wa ke kan fayil ɗin filin a ma'aikatar ƙasa: hukumar ilimin bai-ɗaya ce, ƙaramar hukuma ce, ko kuwa wani bawan Allah ne ya bayar da shi waƙafi don karatu? Idan waƙafi ne kuma akwai shaidu ko takarda, maganarmu ta yi nauyi ƙwarai. Sannan a nemi ganin abu biyu, takardar sauya manufar filin daga makaranta zuwa gidajen zama, da taswirar da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince da ita. In babu su, awon igiya ne kawai ake shirin yi.

Ƙorafi a rubuce za a kai, da wannan lissafin a ciki, da sa hannun mai unguwa da limamai da kwamitin makaranta. Kwafi ɗaya ga KNUPDA, ɗaya ga ma'aikatar ƙasa, ɗaya ga ma'aikatar ilimi, ɗaya ga ɗan majalisar jiha, kuma kowanne a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a namu kwafin. Wannan hatimin shi lauya zai riƙe idan aka je Babbar Kotun Jiha neman umarnin dakatar da aiki. A yi shi tun kafin a zuba fandisho, tun ran gini ran zane. In gini ya kai linta, masu saye sun zuba dukiyarsu, raba rigimar sai an sha wuya.

Ka tuna abin da ya faru a Yunin 2023, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau mulki, aka rushe gine-gine a Filin Sukuwa da otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne. A Satumbar shekarar Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar Naira biliyan 30. Ko wane ɓangare mutum yake, asarar ta tabbata a kan waɗanda suka saya da kuma aljihun jama'a. Ya kamata a faɗa wa duk mai shirin sayen fuloti a filinmu wannan, cikin mutunci.

Inda irin wannan tafiya ke lalacewa guda biyu ne. Ko dai a bi manyan unguwa da dare a ba kowa fulotinsa, a wayi gari sun yi shiru, ko kuma matasa su fusata su cire duwatsun awo su kori leburori, magana ta koma ofishin 'yan sanda a manta da makaranta. Shi ya sa na ba da shawara duk wanda zai shiga kwamiti ya faɗa a gaban jama'a cewa ba zai karɓi fili ba.

Ra'ayina a bar filin gaba ɗaya, a gyara azuzuwa yara su dawo, don gidaje 64 ma da ƴaƴansu za su zo, kuma babu inda za a sake samun hekta 2 a tsakiyar gari. In hakan ya gagara, kada a amince da ƙasa da rabi ga makaranta da filin wasa, a katange shi da takardarsa, sauran kuma fuloti cikakke, da lambatun siminti da taransifoma sabuwa kafin a kafa bulo.

Kuɗin da za ka turo, a fara biyan safiyo ya auna filin ya fitar da taswira, da kuɗin binciken fayil. Na lauya ya biyo baya. Idan kana da tsohon hoto na makarantar ko takardar shaidar gamawa mai hatiminta, ka turo ta WhatsApp, za su shiga cikin ƙorafin.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka a Kano